Tarihin Dennis Ritchie, masanin da ya sa kwamfutoci suka ji harshe ɗaya

A cikin mutanen da suka gina duniyar kwamfuta ta yau, kaɗan ne aikinsu ya yaɗu kamar na Dennis MacAlistair Ritchie, kuma kaɗan ne sunansu ya ɓoyu kamar nasa. Shi ne ya ƙirƙiro harshen rubuta manhaja da ake kira C, kuma shi da abokin aikinsa Ken Thompson suka gina Unix, ɗaya daga cikin manyan manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta. Abubuwan nan biyu su suka sa mutum ya iya rubuta manhaja a kan na'urarsa, wani ya ɗauke ta ya harhaɗa ta a kan wata na'urar da ba irin ta farkon ba, ta kuma yi aiki. Daga wannan damar aka sami al'adar musayar manhaja kyauta tsakanin masana, kuma a kanta aka shafe shekaru ana ja-in-ja tsakanin kamfanonin da ke sayar da kwamfutoci da mutanen da suka saye su.

Haihuwa da karatu

An haifi Dennis Ritchie ranar 9 ga Satumba, 1941, a garin Bronxville da ke jihar New York ta Amurka. Mahaifinsa, Alistair Ritchie, masani ne da ya daɗe yana aiki a Bell Labs, cibiyar bincike ta kamfanin wayar tarho na AT&T, kuma yana cikin mutum uku da suka wallafa wani littafi a 1951 kan tsarin na'urorin da ke haɗa kiran waya. Tun Dennis yana yaro iyalin suka koma garin Summit a jihar New Jersey, kusa da Murray Hill inda cibiyar take, a can kuma ya yi karatun sakandare.

Ya shiga Jami'ar Harvard, ya sami digirin farko a kimiyyar fiziks a 1963, sannan ya zarce da karatu a fannin lissafi. A 1968 ya kammala kundin digirin digirgir a ƙarƙashin kulawar Patrick Fischer, kan yadda ake auna wahalar lissafin da na'ura za ta iya yi. Sai dai bai miƙa wa ɗakin karatun jami'ar kwafin da aka ɗinke ba kamar yadda ƙa'ida ta tanada, saboda haka ba a ba shi digirin ba. Kundin ya ɓace wa jama'a fiye da shekara 50, sai a 2020 gidan tarihin kwamfuta da ke Kalifoniya ya fito da shi bayan an gano kwafinsa. Tun 1967 dai ya riga ya kama aiki a Bell Labs, kuma bai bar wurin ba har ya yi ritaya bayan shekara 40.

Daga Multics zuwa Unix

Lokacin da Ritchie ya isa Murray Hill, kwamfuta na'ura ce mai cika ɗaki, kuma mai buƙatarta yakan miƙa aikinsa ne a kan katuna masu huji, ya jira sa'o'i kafin a dawo masa da sakamako. Bell Labs ta haɗa gwiwa da cibiyar fasaha ta MIT da kamfanin General Electric don gina wata babbar manhaja mai suna Multics, wadda za ta ba mutane da dama damar aiki da kwamfuta ɗaya a lokaci guda. Aikin ya kumbura, ya ci kuɗi, ya kuma ƙi ƙarewa, don haka a 1969 Bell Labs ta janye hannunta.

Ritchie da Thompson da wasu 'yan tsiraru sun riga sun ɗanɗani daɗin magana da kwamfuta kai tsaye, ba su kuma son komawa gidan jiya. Da hukumar cibiyar ta ƙi saya musu sabuwar na'ura, sai Thompson ya nemo wata kwamfuta ƙirar PDP-7 ta kamfanin DEC da ba a cika amfani da ita ba. Shi da Ritchie da Rudd Canaday suka tsara yadda za a adana fayiloli, kuma a cikin shekarar Thompson ya rubuta zubin farko na abin da aka sa wa suna Unix, sunan da ke shaguɓe ga Multics.

A 1970 suka sami sabuwar na'ura ƙirar PDP-11, bisa alkawarin samar da hanyar shirya takardu, wadda sashen rajistar ƙirƙira na cibiyar ya fara amfani da ita. Ƙwaƙwalwar na'urar kilobait 24 ce kacal, ƙasa da abin da hoto ɗaya ke ci a wayar hannu ta yau. Wannan ƙunci ya tilasta musu sauƙaƙa komai. Suka riƙa rubuta ƙananan manhajoji, kowace da aikinta guda, sannan bisa shawarar Doug McIlroy suka samar da abin da suka kira bututu, wato hanyar da manhaja ɗaya ke zuba sakamakonta cikin wata. Littafin jagora na farko na Unix ya fito ranar 3 ga Nuwamba, 1971, ɗauke da sunayen Thompson da Ritchie.

Harshen C da aikin tafinta

Kwamfuta ba ta jin komai sai jerin lambobin da aka tsara wa ƙwaƙwalwarta, kuma kowane irin kwamfuta da nasa jerin. A wancan zamani, kusan duk babbar manhaja da harshen na'urarta ake rubuta ta, saboda ana ganin ta haka ne kawai za ta yi sauri. Illar hakan ita ce, ranar da aka daina ƙera na'urar, ranar manhajar ta fara mutuwa, sai a sake sabon lale.

Mafitar ita ce a rubuta manhaja da harshen da ɗan Adam ke iya karantawa, sannan wata manhaja ta musamman, wadda za a iya kira tafinta, ta juya rubutun zuwa lambobin da na'ura ke ji. Rubutun da mutum ya yi shi ne rubutun asali, aikin juya shi zuwa manhaja mai gudana kuma shi ne harhaɗawa. Thompson ya fara da wani harshe mai suna B, wanda ya tsamo daga BCPL na Martin Richards ɗan Birtaniya. Amma B bai san bambanci tsakanin harafi da lamba ba, komai abu ɗaya ne a wurinsa, kuma hakan bai dace da PDP-11 ba. Tsakanin 1971 da 1973 Ritchie ya ƙara masa nau'o'in bayanai da hanyar ƙulla bayanai daban-daban wuri guda, ya kuma rubuta masa sabon tafinta. Sakamakon shi ne C.

A 1973 suka sake rubuta zuciyar Unix da C. Harshen yana kusa da na'ura har ya isa a sarrafa ƙwaƙwalwarta dalla-dalla, amma bai ɗaure kansa ga na'ura guda ba. Kuma ƙarami ne, ta yadda ƙwararre ɗaya zai iya rubuta masa tafinta ga sabuwar kwamfuta cikin 'yan watanni. A watan Oktoba na wannan shekara suka gabatar da Unix a wani taron masana a jihar New York, kuma da maƙalarsu ta fito a mujallar ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM a watan Yulin 1974, jami'o'i suka fara aiko da wasiƙun neman kwafi.

Manhajar da mai ita bai tallafa mata ba

A nan wata tsohuwar shari'a ta yi tasirin da ba wanda ya zata. Tun 1956 AT&T ya shiga yarjejeniya da gwamnatin Amurka a gaban kotu, saboda babakeren da ya yi a harkar tarho, cewa ba zai shiga wata sana'a ba bayan sadarwa, kuma zai ba masu nema lasisin abubuwan da ya ƙirƙiro. Lauyoyinsa suka fahimci cewa ba zai iya cinikin kwamfuta ba. Don haka ya riƙa ba jami'o'i Unix a kan ɗan kuɗi kaɗan, haɗe da rubutun asalinta gaba ɗaya, yayin da kamfanoni ke biyan dala 20,000 a kan zubi na shida da ya fito a 1975. Sharaɗin a fili yake: babu talla, babu tallafi, babu alkawarin gyara. Wanda ya karɓi faifan ya karɓi ɗawainiyarsa.

Da yake babu kamfanin da za a kai wa ƙorafi, sai masu amfani da Unix suka koma ga juna, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suka fara taruwa tun 1974, taron da ya zama ƙungiyar USENIX, kowa na zuwa da faifansa ɗauke da gyare-gyare da sababbin manhajoji, ya koma da na wasu. A Jami'ar New South Wales ta Ostireliya, John Lions ya rubuta sharhi layi-layi kan zuciyar zubi na shida don koyar da ɗalibansa. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda Thompson ya je koyarwa a 1975, wani ɗalibi mai suna Bill Joy ya fara tattara gyare-gyaren da aka yi a can yana rarrabawa da sunan BSD daga 1978. Abin da ya ɗaure wannan jama'a wuri guda shi ne, kowace Unix tana zuwa da tafintan C a cikinta, kuma daga baya da manhajar make ta Stuart Feldman, wadda ke bin matakan harhaɗawa da kanta.

Ritchie ya ɗauki mataki na gaba. A 1977 shi da Stephen Johnson suka fara mayar da Unix kan Interdata 8/32, na'urar da aka zaɓa domin ta sha bamban da PDP-11. Johnson ya rubuta tafinta mai sauƙin daidaitawa da kowace sabuwar na'ura, Ritchie kuma ya tsame sassan Unix da suka dogara da na'ura ya ware su gefe. A daidai lokacin, Richard Miller na Jami'ar Wollongong ta Ostireliya ya yi makamancin wannan aiki a kan Interdata 7/32. Gani ya kori ji: babbar manhaja na iya ƙaura. A 1978 Ritchie da Brian Kernighan suka wallafa The C Programming Language, littafi mai shafi 228, wanda ya zama mizanin harshen na fiye da shekara 10, aka kuma fassara shi zuwa harsuna da dama.

Zamanin kwamfutocin ƙwararru

A farkon shekarun 1980 aka fara ƙera wani sabon nau'in kwamfuta: na'ura mai ƙarfi da babban allo, wadda injiniya ko masanin kimiyya ɗaya zai ajiye a teburinsa, a haɗe da sauran na'urorin ma'aikatarsa. Masu ƙera irin waɗannan kwamfutocin ƙwararru ba su da lokaci ko kuɗin rubuta babbar manhaja daga tushe, ga kuma Unix a shirye, mai iya ƙaura. Kamfanin Sun Microsystems, wanda aka kafa a 1982 da Bill Joy cikin waɗanda suka kafa shi, ya fito da SunOS. DEC ya fito da Ultrix, Hewlett-Packard da HP-UX, IBM da AIX, Silicon Graphics kuma da IRIX. Ranar 1 ga Janairu, 1984, aka rarraba AT&T gida-gida bisa hukuncin kotu, takunkumin 1956 ya kau, kamfanin ya shiga kasuwa gadan-gadan da tasa Unix ɗin mai suna System V. Tun zubi na bakwai na 1979 ma lasisi ya hana koyar da rubutun asali a aji, littafin Lions ya koma yawo a ɓoye ta hanyar kwafi.

Kowane kamfani yana son tasa Unix ta bambanta da ta abokin hamayya, don kada mai saye ya sami sauƙin tserewa. Reshen Berkeley da reshen AT&T suka rabu har a ƙananan abubuwa. Aikin nemo harafi a cikin jimla, a Berkeley sunansa index, a System V kuma strchr. Hanyar sarrafa allo ta bambanta, wurin ajiye fayiloli ya bambanta, hatta tsarin jera lambobi a ƙwaƙwalwa ya bambanta tsakanin na'urar DEC da ta Sun. A 1987 AT&T ya ƙulla ƙawance da Sun, sauran kamfanonin suka tsorata, suka kafa tasu ƙungiyar mai suna Open Software Foundation a 1988, aka shiga abin da tarihi ya kira yaƙe-yaƙen Unix.

Wanda ya ji a jikinsa shi ne ma'aikacin jami'a ko na cibiyar bincike da aka damƙa wa kula da na'urori. Yawancin kayan aikinsa na yau da kullum kyauta suke zuwa, a matsayin rubutun asali: sendmail mai kai saƙonnin imel, BIND mai fassara sunayen intanet, TeX mai shirya takardun kimiyya, Emacs na rubutu, da harshen Perl da Larry Wall ya fitar a 1987. Kafin kowannensu ya yi aiki sai an harhaɗa shi a kan na'urar da ke gabansa, kuma abin da ya harhaɗu lafiya a kan Sun yana iya cijewa a kan HP. Masu rubuta manhaja suka cika rubutunsu da sharuɗɗa, in na'urar wane ce a yi kaza, in ta wane ce a yi kaza. Daga bisani suka ƙirƙiro manhajojin da ke fara binciken na'ura su gano halinta kafin a harhaɗa, irin su Configure na Larry Wall da Autoconf da David MacKenzie ya fara a 1991.

Ritchie bai shiga wannan yaƙi ba, amma ya tsare abin da ya rage na haɗin kai, wato harshen. Kwamitin da hukumar mizani ta Amurka, ANSI, ta kafa a 1983 don daidaita C ya kusa kammala aikinsa lokacin da aka cusa wata sabuwar kalma, noalias, a cikin daftarin. A 1988 Ritchie, wanda ba ya cikin masu yawan magana, ya rubuta wa kwamitin kakkausar suka, yana nuna cewa kalmar za ta jefa masu rubuta manhaja cikin kurakuran da ba za su iya ganowa ba. Aka cire ta. Mizanin ya fito a 1989, hukumar mizani ta duniya ta karɓe shi a 1990. A gefe guda kuma, mizanin POSIX na 1988 ya fayyace abubuwan da kowace Unix za ta tanada, komai sunan kamfanin da ya sayar da ita.

Ranar da aka cire tafinta

Babban gwaji ya zo ne lokacin da kamfanoni suka gane cewa tafinta ma haja ce. Kwamfutocin HP-UX suna zuwa da wani ɗan tafinta da aka tanada domin sake harhaɗa zuciyar manhajar kawai, wanda ba ya jin sabon mizanin C, mai son cikakke sai ya biya. Silicon Graphics yana sayar da kayan harhaɗawa daban. A 1992 Sun ya sauya daga SunOS ta reshen Berkeley zuwa Solaris 2 ta reshen System V, ya kuma cire tafintan C gaba ɗaya ya mayar da shi abin saye. Wanda ya kira tafinta a kan sabuwar na'urarsa, sai ta amsa masa cewa ba a sanya wannan ƙunshin ba. Mutum ya sayi na'ura da tsada, ga manhajoji kyauta birjik, amma mabuɗin yana hannun mai sayarwa. Kuma lamarin ya wuce na jin daɗi, domin idan aka gano wata kafa da ɓarayin intanet za su iya bi, gyaran yakan fito ne a rubutun asali, wanda ba shi da tafinta kuwa sai ya zauna jiran kamfani.

Abin da ya cece su shi ne C ba mallakar kowa ba ne a aikace. An bayyana shi a littafi da mizani, kowa na iya rubuta masa tafinta. Richard Stallman, wanda ya shelanta shirin GNU a watan Satumban 1983 da nufin gina manhaja irin Unix da kowa zai iya kwafa da gyarawa, ya fitar da tafintan GCC a 1987. A 1989 John Gilmore da Michael Tiemann da David Henkel-Wallace suka kafa Cygnus Support, kamfanin da sana'arsa ita ce sayar da tallafi ga manhajar da ita kanta kyauta ce, kuma shi ya daidaita GCC da Solaris 2. Akwai wata sarƙaƙiya a nan: shi kansa GCC da C aka rubuta shi, sai da tafinta ake harhaɗa shi. Saboda haka masu kula da shi suka daɗe suna rubuta shi da tsohon salon C na littafin Kernighan da Ritchie, domin ko raunanan tafintoci irin na HP su iya harhaɗa shi. A kan Solaris kuwa, inda babu ko mai rauni, sai an samo GCC da wani ya riga ya harhaɗa.

Ba duka kamfanoni ne suka juya baya ba, kuma ko masu rowar sukan buɗe hannu a wani wurin. DEC da IBM su suka ɗauki nauyin shirin Athena na MIT daga 1983, inda aka haifi X, tsarin nuna tagogi a allo, kuma injiniyoyin DEC sun yi babban aiki a zubinsa na 11 da ya fito kyauta a 1987. Sun ya bayyana wa kowa ƙa'idojin NFS, hanyarsa ta raba fayiloli tsakanin na'urori, kuma a 1992 ya tallafa wa Jami'ar North Carolina ta kafa rumbun SunSITE, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan ma'ajiyar manhajoji kyauta. Kamfanonin NeXT da Data General sun ɗauki GCC a matsayin tafintan na'urorinsu. A Jami'ar Liverpool ta Ingila aka kafa cibiya ta musamman don daidaita manhajoji kyauta da HP-UX.

Sauran sun biyo baya, amma a makare. A 2001 IBM ya fara ba masu AIX tarin manhajojin GNU da aka riga aka harhaɗa, a 2005 kuma Solaris 10 ta fito da GCC a cikinta. Kafin lokacin, Linux, wadda Linus Torvalds ɗan ƙasar Finland ya fara a 1991 da harshen C da tafintan GCC, ta riga ta mamaye kwamfutoci masu araha na ƙirar Intel, kuma tana zuwa da kayan harhaɗawa ba tare da ƙarin ko sisi ba. Arahar na'ura ita ce babban dalilin da kasuwa ta juya, sai dai sauƙin harhaɗa manhaja ya ja masana da ɗalibai da yawa zuwa can. Compaq ya saye DEC a 1998, Silicon Graphics ya durƙushe a 2009, Oracle kuma ya saye Sun a 2010.

Shekarunsa na baya

Duk wannan hayaniya ta kasuwa ta wuce Ritchie yana ofishinsa a Murray Hill, inda abokan aiki suka fi saninsa da haruffan dmr da yake shiga kwamfuta da su. A farkon shekarun 1980 ya ƙirƙiro Streams, sabuwar hanyar haɗa Unix da na'urorin sadarwa, wadda daga baya ta shiga System V. Wata dabararsa ta ba manhaja izini na ɗan lokaci, wadda aka yi wa rajistar ƙirƙira a 1979, AT&T ya sake ta ga kowa ya yi amfani da ita kyauta. Ya jagoranci sashen da ya samar da manyan manhajojin Plan 9 da Inferno, kuma lokacin da ya yi ritaya a 2007 shi ne shugaban sashen binciken manhajojin gudanarwa na cibiyar, wadda ta koma ƙarƙashin Lucent Technologies tun 1996.

A 1983 shi da Thompson suka sami lambar yabo ta Turing, mafi daraja a fannin kwamfuta. A laccar da ya gabatar ya nuna cewa Unix ta yi albarka ne saboda ta sami shekaru tana girma a hankali, nesa da matsin neman riba, ya kuma nuna damuwa cewa gaggawar kasuwa na iya hana irin wannan bincike nan gaba. Sun sami lambar Hamming ta ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE a 1990, kuma a watan Afrilun 1999 Shugaba Bill Clinton ya ba su lambar fasaha ta ƙasar Amurka. A 2011 aka ba su lambar yabo ta Japan, wadda aka miƙa wa Ritchie a Murray Hill a watan Mayu, saboda girgizar ƙasar da ta auku a Japan ta hana bikin da aka shirya a Tokyo.

Bai nuna kishi ga magadansa ba. Ya ɗauki Linux da 'ya'yan BSD a matsayin ci gaban tafarkin da shi da Thompson suka fara. Yana cikin waɗanda suka matsa har aka ba da izinin buga littafin John Lions a fili a 1996, kimanin shekara 20 bayan rubuta shi, kuma ya tono tsofaffin tafintocin C na farkon shekarun 1970 ya saki ga masu sha'awar tarihi. A watan Janairun 2002, kamfanin Caldera, wanda haƙƙin tsofaffin zubin Unix ya koma hannunsa, ya sake su ga kowa.

Rasuwarsa

Ritchie ya yi shekarunsa na ƙarshe yana fama da cutar dajin prostate da ciwon zuciya. An tarar da shi ya rasu ranar 12 ga Oktoba, 2011, a gidansa da ke Berkeley Heights, New Jersey, inda yake zaune shi kaɗai. Yana da shekara 70. Rasuwar ta zo mako guda bayan ta Steve Jobs na kamfanin Apple, wadda ta cika kafafen yaɗa labarai na duniya, don haka labarin bai yi amo ba sai a tsakanin masana, bayan tsohon abokin aikinsa Rob Pike ya sanar da shi. Masu kula da Fedora 16, wani zubi na Linux, da masu kula da FreeBSD 9.0 sun sadaukar da aikinsu gare shi.

Kwamfutocin ƙwararru da aka yi yaƙi a kansu yawancinsu sun koma gidajen tarihi, amma harshen da tsarin suna nan. Wayoyin Android da ke hannun miliyoyin mutane a Najeriya da Nijar a kan zuciyar Linux suke gudana, wadda da C aka rubuta ta. Manhajar iPhone ta samo asali daga reshen Berkeley, kuma yawancin manyan na'urorin da ke ɗauke da intanet Linux ce ke tafiyar da su. Har yau, ɗalibin da ya sami rubutun asalin wata manhaja kyauta yana iya harhaɗa ta a kan kwamfutarsa da tafintan C da umarnin make, kamar yadda ake yi tun zamanin PDP-11.